Ya Karanta Ko Ya Biya? Yadda Ake Auna Karatun Yara a Kai a Kai

A ajin CP, wato aji na biyu na firamare, na wata makaranta cikin garin Tahoua, malam ya rubuta jimla a babban allo: "Inna ta sayo gero a kasuwa." Ya ɗora sanda a kan kalmar farko, yara saba'in suka ɗauka baki ɗaya, har na ajin maƙwabta suna ji. Sau biyar, sau shida, babu tuntuɓe. Mai wucewa ta bakin taga zai rantse ajin nan ya iya karatu. To, a kira yarinya guda daga layin baya, a tsallake kalma uku, a ɗora sanda a kan "gero", a ce: "Ƴata, wannan fa?" Sai ta ce: "Inna." A ce ta sake dubawa. Sai ka ga leɓenta yana motsi, tana biyo jimlar daga farko a zuci, tana ƙirga kalmomi da ido, har ta iso ta huɗu. Sannan ta ce: "Gero ne, mushe" (haka yara ke kiran malam).

Amsar daidai ce, amma ba karantawa ta yi ba, biyawa ta yi. Yarinyar tana da kaifin hadda, haddar kuma ita ce ta rufe matsalarta. Za ta iya wucewa CE1, aji na uku, da wannan dabara, wataƙila har CE2, aji na huɗu, sai ranar da rubutu ya yi yawan da kai ba ya iya ɗauka, sannan asiri ya tonu. A lokacin kuwa gyara ya yi tsada, domin littafin lissafi da na sauran darussa duk sun ɗauka ta riga ta iya karatu.

Abin da ake nufi da awo a kai a kai shi ne malami ya riƙa sauraron kowane yaro shi kaɗai, na ɗan lokaci, sau da yawa cikin shekara, ya rubuta inda yaron ya tsaya da irin kuskuren da yake yi, sannan abin da ya ji ya canza darasin gobe. Wannan gaɓa ta ƙarshe ita ce ran aikin. Awon da bai taɓa darasi ba wahalar takarda ce kawai.

Abin da kompozisiyo ba ta faɗa

Kompozisiyo, wato jarrabawar ƙarshen zango, tana da amfaninta, amma ta makara, kuma bakinta a rufe yake. Yaro ya samu 4 bisa 10 a karatu. Me 4 ɗin ta ce? Ba ta ce ko haruffa ne bai sani ba, ko ya san su amma ba ya iya haɗa baƙi da wasali, ko yana haɗawa amma a hankali har ya manta farkon jimla kafin ya kai ƙarshenta. Yara uku masu 4 bisa 10 suna iya zama da cuta uku daban, maganinsu kuma ba ɗaya ba ne. Ga shi ana yawan ɗauko rubutun jarrabawar daga darasin da aka riga aka maimaita a aji, sai mai hadda ya ci, a ba shi matsayi mai kyau.

Manyan awo na ƙasa da ƙasa su ma ba malamin aji aka yi wa su ba. PASEC, wanda ƙungiyar ministocin ilimi ta ƙasashe masu amfani da Faransanci ke gudanarwa, ya nuna a 2014 cewa ƴan ƙarshen firamare a Nijar da suka kai matakin da ake so a karatu ba su kai kashi 10 cikin 100 ba. A zagayen 2019 abin ya ɗaga zuwa wajen kashi 30. Alƙaluman sun tayar da ma'aikatar ilimi daga barci, amma ba za su gaya wa madam da ke riƙe da CI, ajin farko, a Illela ko Bouza wane ne cikin yaranta yake rikita b da d ba.

Kuma dabarar da ake magana a kanta ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. A makarantar allo malam ba ya yi wa almajiri ƙari sai ya zo gabansa ya biya na jiya shi kaɗai. In ya kawo, a ce ya wanke allo. In bai kawo ba, ya koma. Ana fara babbaƙu, sai sun zauna a shiga farfaru, kowane yaro da inda ya tsaya, ba a jan kowa don kawai wata ya ƙare. Boko ce ta zo da tsarin aji guda, darasi guda, a tafi tare ko an gane ko ba a gane ba. Abin da ya kamata a aro daga allo shi ne sauraron ɗaya bayan ɗaya da hana ƙari kafin na baya ya zauna. Abin da za a bari shi ne auna yaro da rubutun da ya riga ya haddace.

Kayan awo da matakansa

Ba a buƙatar kwamfuta. Kwali ko takarda mai kauri guda huɗu ko biyar, kaye (littafin rubutu) ɗaya na malami, da agogon waya, sun isa. Tsarin da ya fi dacewa da aji mai cunkoso shi ne wanda ƙungiyar Pratham ta Indiya ta fito da shi a awonta na ASER tun 2005: a sa yaro a ɗaya daga matakai biyar, wato wanda bai fara ba, mai harafi, mai kalma, mai sakin layi, da mai labari. Ga Hausa yana da kyau a ƙara mataki na gaɓa tsakanin harafi da kalma, domin yawancin gaɓoɓin Hausa baƙi ne da wasali, ba, ki, mu, kuma a nan ne yara da yawa suke cijewa. Yaro zai kira maka b, ya kira maka a, amma haɗa su su zama "ba" ya gagara, sati da sati.

Kwalin farko haruffa goma ne a barkatai, ba a jere na abacada ba, don jerin waƙa ce da kowa ya haddace. A sa ɓ, ɗ, ƙ a ciki, a sa masu goyo irin sh da ts. Yaro ya zaɓi biyar ya karanta. In ya kawo huɗu ya wuce. A nemi sautin harafi, kada a tsaya ga sunansa, domin wanda ya san m da suna "em" kawai zai haɗa ta da a ya ce "ema". Kwali na biyu gaɓoɓi goma. Na uku kalmomi goma na yau da kullum, masu gaɓa biyu ko uku: rago, tulu, ƙofa, tsaba, ɗaki, makaho. A nan ma huɗu cikin biyar. Ana iya cusa kalmar ƙirƙira biyu ko uku marasa ma'ana, kamar "lumo" ko "zeki". Awon EGRA, wanda cibiyar RTI ta Amurka ta tsara a 2006, yana da sashe guda na irin waɗannan kalmomi, dalili kuwa a fili yake: ba yadda za a yi yaro ya haddace kalmar da babu ita, dole ya bi haruffa. Sai dai a gaya masa tun farko cewa kalmomin wasa ne, in ba haka ba zai yi ta ƙoƙarin mayar da su kalmomin da ya sani.

Na huɗu gajerun jimloli huɗu. Wanda ya karanta su kamar magana, kuskure bai wuce uku ba, sai a ba shi labari. Ga misalin labari mai kalma 40 da ya dace da ƙarshen CP ko farkon CE1:

"Jiya kaka ta tafi kasuwa da akuyarta. Rana ta yi zafi sosai. Akuya ta ƙi tafiya. Kaka ta zauna a inuwar gawo. Ta ba akuya ruwa a ƙwarya. Da akuya ta sha, sai ta tashi. Suka isa kasuwa da azahar."

Bayan ya gama a kife kwalin, a yi tambaya uku. Biyu amsarsu tana cikin rubutu: ina kaka ta tafi, me ta ba akuya. Ta uku sai an yi tunani: me ya hana akuya tafiya? Labarin bai ce ƙishirwa ba, amma wanda ya fahimta zai faɗa.

Ga ƴan CI da farkon CP a fara daga haruffa a hau sama. Ga ƴan CE1 zuwa gaba a fara daga jimloli, in ya kasa a sauko, in ya iya a hau. Hakan ya fi rage lokaci. Abu ɗaya da ake yawan mantawa: a babban allo malamai rubutun haɗe suke yi, littafi kuwa bugun inji ne, kuma haruffan a da g na littafi ba su yi kama da na allo ba. In kwalin da hannu aka rubuta shi, a yi wani da haruffan littafi, don akwai yaron da ya iya ɗaya bai iya ɗayan ba.

Kowane kwali a yi masa iri uku masu wahala ɗaya. Yaran da ke jiran layi kunnensu a buɗe yake; kafin a kai na goma, na sha ɗaya ya haddace kwalin kaf.

Yara saba'in, malami ɗaya

Wannan ita ce tambayar da kowane malami ke fara yi, kuma yana da gaskiya. Lissafin kuwa ba shi da tsanani. Awon yaro ɗaya minti biyu ne in hannu ya saba. Yara bakwai a rana minti 14 ke nan, a ce kwata na awa. Cikin kwana goma na makaranta, sati biyu, an zagaye aji mai yara 70. Lokacin da ya fi dacewa shi ne sa'ad da sauran ke kwafar rubutu ko aikin lissafi a kaye, da hantsi, kafin rana ta take kuma kafin yunwa ta kama su. Yaron da aka auna dab da tashin rana tsaka, cikinsa ake aunawa.

Zagaye cikakke sau huɗu ko biyar a shekara ya wadatar: ɗaya a satin farko na komawa, sauran kuma kusan kowane sati shida. Waɗanda ke ƙasan matakai su ne ake sake saurara kowane sati biyu, domin su ne lokaci ke ƙure wa. Inda ajin rumfa ne da ake jiran karan gero bayan girbi kafin a kafa, karatu ba ya kankama a Oktoba. A nan awon farko ya fi ko'ina muhimmanci, tunda shekarar ta gajarta kuma babu ranar ɓatawa a kan abin da yara suka riga suka sani.

Tsakanin zagaye da zagaye akwai awon minti uku da ƙananan alluna, wanda malamai suka sani da PLM. Malam ya faɗi gaɓa ko kalma, a ce "ƙa", yara su rubuta, ya buga tebur, kowa ya ɗaga allo lokaci guda. Ido ɗaya ya isa ya ga nawa suka rubuta "ka". Sirrinsa yana cikin ɗagawa tare. In aka bar wasu suka jinkirta daƙiƙa biyu, kwafa suke yi daga allon na gaba. Kuma malam ya riƙa zagawa baya, domin daga gaban aji layi biyu na farko kawai ake gani, su ne kuma galibi waɗanda suka iya.

Wajen sauraro akwai ladubba ƙalilan. Yaro ya zauna a gefen malam, kwalin a hannunsa. In ya cije a kan kalma a ba shi kamar daƙiƙa uku, sannan a nuna ta gaba, a ce "ci gaba, ɗana." In ya gyara kuskurensa da kansa ba a ƙirga shi, a ma sa alama, don alamar alheri ce: yana sauraron kansa. In layin farko duka ya gagara, a tsaya, a yi masa godiya, a sauko mataki. Ba amfanin a bar shi yana zufa. Malam kuma ya kame bakinsa. Da yawa ba su san suna motsa leɓe da sautin farko ba, ko su ɗaga gira in yaro ya kauce, yaran kuwa gwanayen karanta fuska ne. Bulala kuma a ajiye ta nesa. Mai tsoro shiru yake zaɓa, shiru kuwa ba ya nuna wa malam komai.

A kaye, kowane yaro layi ɗaya, kowane zagaye gida biyu: mataki, da kalma biyu ko uku kan kuskure. "Gaɓa, b/d." "Kalma, yana cinye ƙarshe." "Labari, sauri, bai gane ba." Wanda bai zo ba a rubuta bai zo ba, a neme shi in ya dawo. Yaran da ke fashi ranar kasuwa ko lokacin aikin albasa sau da yawa su ne na ƙasa, in aka bar su a waje sakamakon aji zai yi kyan da ba nasa ba.

Ga masu labari ana iya ƙara agogo. A cire kurakurai daga kalmomin da ya karanta, a ninka da 60, a raba da daƙiƙoƙin da ya ɗauka. Yaro ya gama labarin kaka cikin daƙiƙa 50 da kuskure 5: 35 sau 60, a raba da 50, ya ba da kalma 42 a minti. Gudun ba laifi. Amma 35 cikin 40 kashi 87.5 ne. A ma'aunin Marie Clay, masaniyar karatun yara ta ƙasar Niyu Zilan, rubutun da yaro ya karanta daidai kashi 95 zuwa sama mai sauƙi ne gare shi, 90 zuwa 94 shi ne na koyo da taimakon malam, ƙasa da 90 ya fi ƙarfinsa. Ashe yaron nan gudu yake yi a kan rubutun da ya yi masa nauyi, yana cika giɓi da cinta. Akwai masana da ke cewa sai an kai kalma 45 zuwa 60 a minti fahimta ke zama, amma kada a ɗauki adadin kamar aya. Cikin kalmomi 40 na labarin kaka, aƙalla 15 ba su wuce harafi biyu ba: ta, da, a, yi. Minti ɗaya na Hausa da na Faransanci ba awo ɗaya ba ne. Abin da ya fi amfani shi ne a gwada yaro da kansa na watan jiya.

Kuskure yana magana

Nan ne gwanintar malami take. Kuskure iri iri ne, kowanne da abin da yake nunawa.

Wanda ya karanta "ƙafa" ya ce "kafa", ko "ɓata" ya ce "bata", ko "faɗa" ya ce "fada", ba furuci ne ya gagare shi ba, tunda a bakinsa yana bambanta su tun yana goye. Ƙugiyar ce idonsa bai lura da ita ba, sau da yawa don malam kansa yana rubuta ta ƙarama a allo, ko allin ya dushe. Maganinsa kalmomi biyu biyu gefe da gefe, baki da baƙi, daki da ɗaki, yana nuna wadda aka faɗa. Rikita b da d kuwa abu ne da aka saba gani a CI da farkon CP, kuma Hausa ta ƙara masa ɓ da ɗ, sun zama huɗu masu kama da juna. Kada a koyar da su a sati ɗaya. A bar b ta zauna daram kafin a kawo d.

Wanda ya ga "kasuwa" ya ce "kaka", harafin farko ya kalla ya cinci saura. Shi ne kalmomin ƙirƙira ke kamawa, kuma abin da yake buƙata shi ne a rufe kalma da yatsa a riƙa buɗe ta gaɓa gaɓa. Wanda ya ce "daba" a wurin "dabba" bai san aikin baƙi mai ninki ba, darasin minti goma ne da tafi: dab-ba. Wanda ya fara layi daga dama, ko ya karanta "ta" ya ce "at", galibi daga makarantar allo ya ɗauko, inda rubutu ke tafiya daga dama zuwa hagu. Wannan ba rauni ba ne, yaron ma ya riga ya san cewa alama a rubuce tana ɗauke da sauti. Ɗigo a gefen hagu na layi yakan warware shi cikin ƴan kwanaki.

Sai batun da malaman Adar ya kamata su yi hattara da shi. Yaron Tahoua ko Keita ya ga "fara" ya ce "hwara", ya ga "fita" ya ce "hita". Ya karanta daidai; harshen gidansu ne, kuma in aka ja masa jan biro an zalunce shi. Amma in ya ga "ƴaƴa" ya ce "ɗiya", wannan daban ne: ma'ana ya kama, haruffa bai bi ba. A yaba masa fahimtar, a dawo da shi kan abin da ke rubuce. Haka kuma rubutun Hausa ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, shi ya sa "gari" na zama da "gari" na tuwo suke fita iri ɗaya, haka "kuka" na ido da "kuka" ta miya. Kada a sa irin waɗannan a kwalin kalmomi zalla. A cikin jimla kuwa suna da amfani sosai: wanda ya karanta "ta tankaɗe gari" da sautin garin zama, bakinsa ne ke karatu, hankalinsa yana wani wuri.

Mafi yawan yaranmu da Faransanci suke fara karatu, ko da yake an soma gwajin makarantu masu harshe biyu tun 1973 a Zinder, dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa gurbi, kuma kundin tafiyar da ƙasa da aka kafa a 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. A ajin Faransanci awo yana da tarko na musamman: yaro yana iya furta rubutu tsaf bai san me ya ce ba. Masana biyu, Gough da Tunmer, sun bayyana a 1986 cewa fahimtar karatu ninki ce ta abu biyu, iya warware haruffa da fahimtar harshen. In ɗaya sifili ne, sakamako sifili ne. Hanyar raba su mai sauƙi ce. Malam ya karanta wa yaro labarin da bakinsa, ya yi tambaya. In ya amsa, matsalarsa haruffa ce. In bai amsa ba, a ba shi labarin da Hausa, ko da Tamajak ko Fulfulde inda su ne harshen gida, kamar wajen Abalak da Tchintabaraden. In ya amsa a nan, kansa lafiya lau, kalmomin Faransanci ne ba shi da su, kuma ƙarin atisayen gaɓoɓi ba zai ba shi su ba; hira da labari da nuna abubuwa yake buƙata. Ga masu tsallakawa daga Hausa zuwa Faransanci kuma, kurakuran sanannu ne, ana iya tarar su tun kafin su zo: c ta "ciki" ba ita ce c ta Faransanci ba, sautin u na Hausa can "ou" ake rubuta shi, sh ta zama "ch", p takan koma f, ga haruffan ƙarshen kalma da ake rubutawa ba a furtawa.

Bayan an auna

A ƙirga yara nawa ke kowane mataki. In fiye da rabin aji sun faɗi a abu ɗaya, laifin ba na yara ba ne. A sake darasin ga kowa, ta wata hanya daban da ta farko. In kashi ɗaya cikin huɗu ne ko ƙasa, a ware su. Rukuni uku ya isa malami ɗaya: masu harafi da gaɓa, masu kalma, masu jimla da labari. Rabin awa zuwa minti 45 a rana, malam ya fi zama da na ƙasa, na sama su karanta wa juna biyu biyu, na tsakiya su riƙa haɗa kalmomi da katunan gaɓa da aka yanka daga kwalin sukari ko na shayi. Kada a sa wa rukuni suna mai nuna daraja, yara ba sa mantuwa da "ƴan baya". Kuma rukunin ba gidan zama ba ne; kowane zagaye sai an ga masu hawa. In zagaye biyu sun wuce rukunin ƙasa yana nan yadda yake, hanyar koyarwar ce za a tuhuma.

Yaro ɗaya da ya tsaya cik alhali ƴan rukuninsa suna tafiya, kafin a ce ba shi da kai a duba abu huɗu. Yana ganin allo daga inda yake zaune, ko yana runtse ido? Yana ji in an yi magana ta bayansa? Kwana nawa ya yi fashi? Wane harshe ake yi a gidansu? Sau da yawa matso da shi layin gaba kaɗai yana canza labari.

Jihar Tahoua tana da tarihi a wannan fanni. A nan ne shirin Makaranta Don Kowa, da hukumar JICA ta Japan ta tallafa wa, ya fara a 2004 da kwamitocin kula da makarantu, waɗanda yanzu ake kira CGDES. Daga baya shirin ya kawo tsarin PMAQ: a gwada matakin yara, a kai sakamakon gaban taron gari, jama'a su amince da ƙarin awowin karatu bayan tashi, da masu taimako daga cikin gari. A irin wannan taro a faɗi adadi, kada a kira suna: "cikin ƴan CP 70, 22 ba su wuce haruffa ba." Uba da aka kira sunan ɗansa a bainar jama'a, gida zai koma da bulala, ko ya cire yaron. Magana kan yaro ɗaya a keɓe ake yin ta, da kalmomin da mahaifiyar da ba ta yi boko ba za ta riƙe: "Hajiya, ya san baƙaƙensa, haɗawa ce ta rage. A sa yayarsa ta saurare shi minti goma bayan magariba."

Haɗari mafi girma yana zuwa ne daga sama. Ranar da darakta ko sufeto ya fara auna malami da yawan yaran da suka kai matakin labari, ranar kayen ya fara ƙarya. Za a koyar da kwalin kansa, a bar raunana a gida ranar awo, a sa yara tseren karatu ba waƙafi ba aya don agogo. Kayen na malami ne, don darasinsa. Inda ya dace a buɗe shi shi ne zaman CAPED, inda malaman yanki ke haɗuwa: kowa ya zo da kuskure ɗaya da ya fi yawa a ajinsa da abin da ya gwada a kai, a kuma yi musayar kwalaye, tunda rubuta labari uku masu wahala ɗaya aiki ne da ya fi sauƙi ga mutum biyar.

A ƙarshen shekara kayen ya bi yara zuwa aji na gaba, hannu da hannu, kada ya kwana a akwatin darakta. Malamin CE1 kuma kada ya ɗauki matakin watan Yuni a matsayin na Oktoba. Wata uku na damina a gona, babu littafi a gida, yakan sauko da yaro mataki guda, musamman wanda bai daɗe da fara haɗa gaɓa ba. A satin farko ya sake zagayawa da sabon kwali, ya ajiye sakamakon kusa da na Yuni, ya fara da waɗanda suka sauko.